Katin Baba da Wayar Inna Kulu

Tun da na yi wayo ban taɓa jin kakata Inna Kulu ta kama sunan mahaifina ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar da ce, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta kiransa, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta cin abinci a gabansa. In ya zo gaishe ta da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya ta kama gyaran tabarma, ta amsa gaisuwar tana kallon bango. Idan ya zama dole ta ambace shi, cewa take yi "mai motag ga", ko kuma "wancan". Ƙanensa kuwa, Bappa Junaidu, wanda shi ne auta, har yanzu da furfura a gemunsa tana iya kama kunnensa ta ce ya rame, wa ke ba shi abinci.

Da aka haife ni Baba ya sa mini sunanta, Hauwa'u. Tun da shi ma ba zai iya faɗar sunan ba, sai gida ya koma kirana Uwaliya, ita kuma take ce mini takwara. Ana yaye ni aka kai ni ɗakinta, a gidanmu na Wurno, kuma a ɗakin na tashi har na gama sakandare. Shi ya sa labarin gidanmu ya fi zama a wurina. Abin da Inna ba ta faɗa wa kowa, ni nakan gan shi a fuskarta.

Sunan Baba Muhammadu Lawwali, amma daga Goronyo har tashar Sakkwato Lawwali Direba aka sani. Yana ƙaramin yaro aka gina madatsar ruwa ta Goronyo. Kafin nan, in ji Inna, da an ɗauke amfanin damina maza suke watsewa cin rani, gari ya koma na mata da tsofaffi. Da ruwa ya fara biyo kanal har lokacin rani, sai mutane suka zauna gida suka duƙufa kan albasa da tafarnuwa da shinkafa. Kakana ya samu fili, ya so 'ya'yansa biyu su riƙe shi. Bappa Junaidu ya riƙe. Baba kuwa abin da ya lura da shi daban ne: kowa yana nomawa, ba mai kwashewa, albasa tana ruɓewa a rumfunan kara ana kallo. Sai ya fara da amalanken shanu, yana fitar da buhuna daga fadama zuwa bakin hanya. Daga nan ya tafi Rabah ya koyi tuƙi wajen wani mai a-kori-kura. Ya yi shekaru yana tuƙa motocin mutane kafin Allah ya ba shi tasa, tsohuwar babbar mota mai koren bodi, wadda yake loda wa albasar manoman Wurno da Kwargaba da Boyekai ya kai har Ankara ta ƙasar Gana.

Mutum ne marar magana. In ya dawo daga tafiyar da ya ratsa ƙasa huɗu, aka ce ya hanya, sai ya ce, "Lahiya lau," labari ya ƙare. Waya kuwa, da ya tsallake Illela layinsa ya ɗauke, sai ya kashe ta ya jefa a aljihun mota. Ba ya aron ta wani, ba ya sayen layin can. Mahaifiyata, Mama Mairo, ta yi mita har ta gaji.

"Ni ba yawo nit tahi ba," abin da yake ce mata ke nan. "In na sauke kaya kuna jina."

Haka ake yi. Sai ya isa Ankara, dillalinsa Abdulƙadiri ya miƙa masa waya, ya ce wa Bappa Junaidu sun iso. Tsakanin fita da isowa kuwa, gida shiru, sai addu'a.

A da, kuɗin mai a jikinsa yake ɗaure su. Ya canza naira zuwa sefa a Ƙwanni ta Nijar, ya sake canza wasu zuwa sidi in ya shiga Gana, kowane ɗan canji ya ɗan yagi rabonsa. Wata rana ya tsaya sallar azahar a wani ƙauye, wasu suka ɓalle ƙofar motar suka ɗauke jakar da ya ajiye a ƙarƙashin kujera. Bayan wannan ne wani abokin tuƙinsa ya nuna masa katin banki, ya ce manyan gidajen mai na can suna karɓa, a sa a na'ura, a danna lambar sirri, a zuba maka gas, ba ka taɓa kuɗi ba.

Baba ya tafi banki a Sakkwato. Sai dai a satin nan wayarsa ta zame daga aljihu ta faɗa kanal yana alwala, bai riga ya sayi wata ba. Da ma'aikacin ya ce ya kawo lambar waya, lamba ɗaya ce tak a kansa: ta 'yar ƙaramar wayar da ya saya wa Inna, ya ba Bappa Junaidu ya kai mata kamar shi ya sayo. Bai taɓa kiran lambar ba ko sau ɗaya, amma ya haddace ta. Ya faɗa, aka rubuta. Shi a ganinsa cike gurbi ne irin na mutanen ofis. Bai yi boko ba, kuma ba wanda ya zauna ya gaya masa cewa duk lokacin da katin ya yi aiki, saƙo zai je wayar nan.

Ina tuna ranar da ya fara zuwa. Muna zaune a inuwar ɗaki muna ɓarar tafarnuwa, sai wayar ta yi ƙara a cikin kwanon da Inna ke ajiye ta tare da goro.

"Takwara, diba mani abin ga, mi shika so?"

Na duba. Saƙon banki ne da Turanci, mai tsawo, ga sunan wani gidan mai, ga sunan gari a ƙarshe: Paraku. Sai da na karanta sau biyu na gane.

"Inna, Baba na! Ya sha mai da kati a Paraku, cikin Benin. Yanzun nan."

Hannunta bai tsaya da ɓara ba. Ta jefa tafarnuwa biyu a ƙwarya kafin ta yi magana.

"Motad dai ta sha ke nan?"

"Awo, Baba ya..."

"Ni mota nit tambaye ki, uwar surutu."

"To, motar ta sha."

"Madalla da ita." Ta ɗauki wata tafarnuwar. "Duk sadda tas sha abin ga shina kuka?"

Na ce haka nake zato. Sai ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take yi mini in na taɓa mata man shanu.

"In nij ji zancen ga ya kai kunnen mai motag ga, ki nemi wani ɗakin kwana."

Daga ranar wayar ta bar kwanon goro ta koma ƙullin bakin zanenta.

Abin ya zo mata daidai. Uwa ba za ta tambayi ɗan fari ba, amma ba wanda ya hana ta tambayar mota. In Baba ya fita da tanki cike daga gida, ba ya sha sai Paraku. Daga nan sai Lome ta ƙasar Togo, a wani gidan mai guda da ya saba da shi. A dawowa kuma ya sha a Lome, ya ƙara a Gaya ta Nijar. Inna da ba ta taɓa wuce Sakkwato ba, sai ga ta ta san jerin garuruwan nan kamar unguwannin Wurno. Ba ta iya karatu, amma ta gane siffar saƙon banki, ta bambanta shi da na kamfanin waya masu tallar waƙa. In lokaci ya yi ba ta ji ƙara ba, sai ta ce, "Yau motag ga ba ta jin ƙishirwa?" In kuma saƙon Gaya ya shigo, sai ta tashi ta jiƙa gero ta ce Junaidu ya kwana biyu bai sha furar hannunta ba. Furar kuwa ba ta taɓa isa wurin Bappa Junaidu ba. Ni ake ba in kai ɗakin Mama, in ce ragowa ce.

Akwai lokacin da saƙo ya shigo sau biyu a jere daga gidan mai ɗaya. Inna ta ce motar ta cika haɗama. Bayan 'yan kwanaki wani ya shigo cewa an mayar da na biyun, na yi mata bayani, ta ce, "Ai na hwaɗa, ga shi ta yi amai."

A hankali Mama ta sani, Bappa Junaidu ya sani, har matar Bappa. Kowa ya kama bakinsa don kada Inna ta ji kunya. Mai katin ne kaɗai bai sani ba. Shi dai yana jin daɗin abinsa. Na taɓa kai musu abinci zaure na ji yana ba Bappa labari, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce ranar farko da mai zuba man ya miƙo masa na'urar, hularsa ya cire ya rufe hannunsa da ita kafin ya danna lambar, har mutumin ya yi dariya ya ce masa da Hausarsu ta can, "Alhaji, ba ni kallo." Ya ce ba ko'ina ake karɓa ba, sai manyan gidajen mai na cikin gari, kuma wani lokaci na'urar kan ƙi, a ce babu sabis, sai ya shimfiɗa buzu ya yi salla ya jira. Amma ko da jiran, ya ce, barcinsa a mota ya fi na da daɗi.

Haka muka yi shekaru, har wata bazara da albasa ta yi yawa. Baba ya loda kayan mutanen Kwargaba, ya fita tare da wasu motoci na Goronyo. Lokacin da ya kamata saƙon Paraku ya shigo ya yi, bai shigo ba. Inna ta tambayi ƙishirwar motar kamar yadda ta saba, na ce wataƙila layi ne a kan iyaka. Washegari ma shiru.

"Wayag ga ba ta da wuta," in ji Inna.

"Inna, cike take, jiya nik kai ta caji."

"Kai ta dai. Mai cajin ga ba shi da amana."

Na kai. Da na dawo ta ce in hau kan gaɓar kanal da ita, can sabis ya fi ƙarfi. Na hau na tsaya cikin rana kamar mai gadin shinkafa, ba abin da ya shigo. Ta sa aka kira Bappa Junaidu ya turo saƙo daga wayarsa don a gwada. Ya turo yana tsaye a gabanta, ta kuma san shi ne, amma da wayar ta yi ƙara sai da ta zabura.

Ranar kasuwa Bappa ya shigo gida ba sallama mai ƙarfi irin tasa. Bai nufi ɗakin Inna ba, ya wuce ƙofar Mama, ya yafito ni. Ya ce wani ɗan kasuwar Goronyo ya samu waya cewa motar albasa ta mutanen Sakkwato ta faɗi tsakanin Malambil da Kandi, cikin Benin. Koren bodi gare ta. An ce an ɗauki direban ba ya motsi, ba a san sunansa ba. Ya ce ya kira Abdulƙadiri a Ankara: motocin da suka fita tare da Baba duk sun iso sun sauke, shi ba a gan shi ba.

Mama ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Na ce motoci masu koren bodi suna da yawa, maƙeri ɗaya ke yi musu fenti a Sakkwato. Bappa ya ce haka ne. Amma duk mun san cewa Kandi kafin Paraku take, kuma katin bai sha a Paraku ba.

"Kada Inna ta ji," in ji Bappa.

Gidan da katangarsa ta zana ce, me za a ɓoye? Kafin la'asar matan maƙwabta sun fara shigowa ɗai-ɗai suna zama wajen Mama. Kowace sai ta biya ta gaida Inna, Inna kuma ta amsa da fara'a, ta tambayi yara, ta yi zancen yadda tafarnuwa ta faɗi a kasuwa bana. Ba ta tambayi abin da ya tara su ba. Matar ɗanta tana iya kuka a gaban kowa, ita ba ta da wannan damar. Da na kawo mata tuwo ta ce haƙorinta ke ciwo. Da safe na kawo kunu, ta ce ya yi tsami. Tafarnuwar da muka saba ɓarewa a yini biyu ta gama da ita kafin azahar, ta aika gidan Bappa a kawo wata.

Kashegari Bappa ya yanke shawarar zai bi ta Kamba ya tafi Kandi da kansa in gari ya waye. Da la'asar ya zo ya durƙusa ya ce wa Inna zai yi 'yar tafiya ta neman iri.

"Allah shi kiyaye," ta ce. "Ka ɗauki ruwa da yawa." Ba ta ja kunnensa ba, ba ta ce ya rame ba.

Da ya fita muka rage mu biyu. Ta kwance wayar daga bakin zane ta ajiye a kan tabarma tsakaninmu, tana kallonta.

"Takwara, ke da kin yi boko. Abin ga shina iya mantuwa? A sha man, shi ƙi hwaɗi?"

Na so in ce mata yana iya. Amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, sai na ce ban taɓa gani ba.

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, a hankali, kamar da wayar take magana, "Lawwali ba shi gudu da mota."

Duk zamana a ɗakinta ban taɓa jin kalmar nan daga bakinta ba, har sai da ta yi mini kamar sunan wani baƙo.

"Tun shina ƙarami haka shike, ba shi gaggawa," ta ci gaba. "Sadda yay yi ƙyanda, wurin uwar mijina shike. Ban iya shiga in ɗauke shi, mutane na gani. Sai in yi kamar tsintsiya nika nema, in tsaya bayan zana. In nij ji tarinai, in san shina nan, in koma ɗaki." Ta shafa wayar da ɗan yatsa. "Wagga ma tarin ta."

Na jawo ƙwaryar tafarnuwa na fara ɓara, ita ma ta sa hannu. Muna cikin haka, rana ta fara sauka kan zana, wayar ta yi ƙara.

Ba ta taɓa ta ba. Ta dai kai ido kan gilashin ta ga saƙon mai tsawo ne, sai ta janye hannunta ta ɗora a kan gwiwa. Na ɗauka na duba.

"Lome!" na ce. "Inna, Lome! Motar ta sha a Lome!"

Ihun da na yi ne ya fito da Mama ba ɗankwali, matan da ke wajenta suna biye. Aka aika a kira Bappa, ya shigo da gudu takalmi ɗaya a ƙafa. Ya karɓi wayar ya juya ta, duk da shi ma karatunsa na allo ne. Sai ya ɗan daure fuska.

"A bi a hankali. Kati na iya shiga hannun wani. In mota ta faɗi, mutane na kwasar kaya."

"Sai da lambar sirri, Bappa," na ce.

"Wa yas san lambar?"

Kowa ya juya ya dubi Mama. Ta share ido da gefen zane.

"Ni? Mutumen da ko za shi wanka ba ya hwaɗa mani?" Sai dariya ta kufce mata cikin kukan, matan suka taya ta.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Takwara, gidan man da tas saba sha na, ko wani?"

Na sake dubawa, na gwada da tsofaffin saƙonnin. "Shi na, Inna. Na ko yaushe."

"To ɓarawo bai san inda motag ga ka shan mai ba." Ta miƙo hannu ta karɓi wayarta, ta ƙulle a bakin zane, ta ja ƙullin sosai. "Junaidu, ka fasa neman irin?"

Bappa ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hannu biyu yana ta hamdala.

Da mutane suka watse na matso kusa da ita. Sauƙin da na ji ya sa bakina ƙaiƙayi.

"Inna, ɗazu wa kika ce ba shi gudu da mota?"

"Ni? Yaushe?"

"Na ji da kunnena. La..."

"Ki ƙarasa in fasa maki baki da ludayi. Yarinya ba ta da aiki sai ƙage. Tashi ki ɗumamo mani tuwon jiya, ku mutanen gidan ga kuna son kashe ni da yunwa."

"Haƙorin fa?"

"Ya warke."

Ta cinye tuwon tas, ta nemi ƙari.

Washegari da hantsi Abdulƙadiri ya kira daga Ankara, ya miƙa wa Baba waya. Bappa ya ce abin da ya ji kawai shi ne, "Mun iso lahiya," kamar kullum. Da Bappa ya fara faɗa, sai Baba ya ce kuɗin wayar mutane ne, ya kashe.

Sai da ya dawo muka ji yadda aka yi. Yana zaune a ƙofar ɗakin Mama, ni ina zuba masa fura, Bappa yana tatso labarin kamar mai cirar ƙaya. Motar da ta faɗi ta Atiku ce, wani direba mutumin Tursa. Baba yana bayansa da ɗan nisa, shi ya fara isa wurin. Ya jawo shi daga cikin motar a sume, ƙafa a karye, ya samu mai ƙaramar mota suka kai shi asibiti a Kandi. Atiku ba shi da kowa a can, ba ya jin Faransanci, sai Baba ya ajiye motarsa a inuwa ya ɗage tamfol don albasa ta sha iska, ya zauna da shi har 'yan'uwansa suka iso. Da Atiku ya farfaɗo, abin da ya fara tunawa shi ne tankinsa da ke ɗiga. Ya ce da ƙasa ta shanye gara Baba ya zuƙe. Baba ya koma ya zuƙe, ya cika nasa tankin. Shi ya sa ya wuce Paraku bai tsaya ba.

"Atikun fa?" in ji Bappa.

"Shina samun sauƙi. An kawo shi gida."

"To waya fa, Yaya? Waya ɗaya?"

"Ban zaci labarin ya iso nan ba. Mi zan ce? Ni ba abin da yas same ni."

Nan ne Mama ta kasa riƙewa. "Ba ka kira ba, mun saba. Amma ko katin ma ka ƙi sawa! Tsohuwa na zaune ba ci ba sha, tana tsaron waya kamar mai jiran haihuwa..."

Ta kama bakinta da hannu, amma maganar ta riga ta fita.

Baba ya sauke ƙwaryar fura. "Wane kati? Wace waya?"

Ya dube ni, don ya san ni ce mai karatun gidan. Na tuna maganar neman ɗakin kwana, amma ba ni na fasa ba, sai na gaya masa: lambar da ya bayar a banki, da saƙon da ke shigowa, da yadda ake tambayar ƙishirwar mota.

"Tun yaushe?"

"Tun katin na sabo, Baba."

Ya juya ya dubi ɗakin Inna. Labulen a sake yake, amma ina ganin ƙafarta ta ƙasansa, ba ta motsi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi furar da ke gabansa, wadda aka ce masa ragowar ta Junaidu ce, ya ɗauka ya shanye.

Bappa ya ce, don ya sassauta wurin, "In kana so mu tahi Sakkwato a maida lambar kan wayarka. Ai kai ya kamata ka riƙa gani."

"Bar shi," in ji Baba.

Da safe ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta amsa tana gyaran tabarma, fuskarta na bango, kamar kullum. Bai ƙara kalma ba, ba ta ƙara ba. Ni kuma ba a kore ni daga ɗakin ba, sai dai na yi kwanaki ba a ba ni goro in kai wa ƙawayena.

Tafiyarsa ta gaba, ko yini bai cika ba wayar ta yi ƙara. Muka dubi juna, don ba lokacin Paraku ba ne. Doso ce, cikin Nijar. Ɗan man da aka sha bai kai a tsaya dominsa ba. Da safe ta sake ƙara: Gaya. Sai Malambil. Sai Kandi. Sai Paraku. Daga nan wasu garuruwan da ko ni sai da na nemo taswirar makarantarmu na gano su. Duk inda ya san akwai gidan mai da ke karɓar kati, sai ya ratse da loda cike, ya shiga gari, ya sha kaɗan, ya rufe lambarsa da hula ya danna.

Da ya dawo Bappa ya tsokane shi a zaure, ya ce banki na cirar ladansa a kowane sha, wannan ai ɓarna ce.

Baba ya ce, "Mai da yawa nauyi gare shi."

Atiku yana nan a Tursa, yana ɗan ɗingishi, ya bar tuƙi ya koma dillancin albasa. Baba har yanzu ba ya waya a kan hanya, Mama ta daina mita. Ni kuma aikina ya ƙaru, don in yana tafiya ba na nisa da gida, a yini sai a kira ni karatu sau nawa. Ranar da saƙo ya shigo daga wani gari da ba ta taɓa jin sunansa ba, Inna ta sa na maimaita mata shi har ta riƙe. Sannan ta ƙulle wayar, ta jawo kwanon abincinta.

"Motag ga ta tsuhwa," ta ce. "Ko'ina tag ga ruwa sai ta tsaya."

Ta kawar da kai wajen bango don kada in ga bakinta, amma kunnenta ma dariya yake yi.